Sabilin Inna

Ginin Babanmu a kasuwar Rufa'a ba wani ginin a zo a gani ba ne. Shaguna ne a jere a ƙasa, na tela da na mai magani da na mai kayan gyaran famfon ban ruwa, sai ɗakuna a sama inda baƙi ke sauka idan kasuwa ta tashi ba su samu mota ba. Gidanmu yana bayansa. Amma ginin nan shi ne duk abin da noman rabi ya bar wa Baba bayan ya cinye masa ƙuruciya da gadon baya, shi ya sa a gidanmu ba a cewa shaguna, sai dai a cika baki a ce imara, wato katafaren bene.

A bakin ginin, ta gefen titi, akwai injin sanyaya ruwa da kofuna ɗaure da sarƙa. Baba ya kafa shi shekarar da Inna ta rasu. Haka ake yi a nan: wanda ya yi rashi ya ajiye ruwa a hanya don masu wucewa, ladan ya tafi ga mamacin. Sabil ake ce masa. Yawancin mutane randuna suke jerawa, amma Baba ya ce Inna ta sha ranar gonar auduga abin da ya ishe ta, ruwanta sai mai sanyi. Ranar kasuwa mutanenmu na ƙauyuka sukan yi layi a wurin, su sha, su ce Allah ya jiƙan mai ruwa. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa nakan tarar da Baba a kujerarsa yana amsa musu da amin ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa gajiya ba.

Sai kuɗin wuta ya tashi. Mita ɗaya ce a ginin duka, mu ke sayen wutar, hayar kuma ba ta motsa ba. Yayana, wanda ke kula da ginin, ya fara ramewa. Shi ya kawo wani injiniya daga birnin Madani, saurayi mai ladabi da jaka a kafaɗa, ma'aikacin wani ƙaramin kamfani. Maganarsa ba ta da wuyar ganewa. Za su cire tsofaffin ƙwayayen fitila da fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki su sa sababbi marasa cin wuta, su shafe rufin da farin fenti, ba za mu biya ko sisi ba. Za a auna abin da ginin ke ci a da, duk abin da ya ragu a kai sai a raba biyu, har wasu shekaru, daga nan kayan su zama namu.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ai wanga noman rabi ne. Gona tamu, iri da garma naku, in amfani ya zo a raba."

Injiniyan ya yi dariya ya ce, "Tamam, ya Haj, haka yake."

Har yau ina jin haushin wannan dariyar. Shi wasa ya ɗauka. Bai san da wa yake magana ba.

Baba ya yi shekaru yana noma hawashar wani, wato gonar da hukumar ban ruwa ke ba mutum, a kan rabi da rabi. A wannan noma doka ɗaya ce ba ta lanƙwasuwa: idan an tara amfani a masussuka, ba mai taɓa tsibin sai abokin rabo ya zo da ma'auni. Ina ƙarama na taɓa dumbuzar gyaɗa daga irin wannan tsibi, har na kai baki. Bai doke ni ba. Hannuna ya buɗe da yatsunsa, ya mayar da ita, har wadda na fasa.

An yi aikin, kuma gaskiya ya yi kyau. Ɗakunan sama suka daina zama tanda, tela ya daina ƙorafi, abin da muke kashewa a wuta ya sauka ƙwarai. Yaya ya mayar da jiki. Ana nan, wata rana injiniyan ya zo duba mita, ya tsaya shan ruwa, ya shafa gefen injin ya ce wa Yaya, "Wannan tsohon yana cin wuta, ga shi a rana." Magana ce ta mai wucewa, ya faɗa ya hau motarsa. Baba kuwa ya ji.

Da la'asar ya kira Yaya. "In an kashe shi, abin da za a raba zai ƙaru?"

Yaya ya ce zai ƙaru mana.

Baba ya tashi da kansa ya zare wayar.

Ban san lokacin da muryata ta fi tasa ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ruwan Inna ne, ina ruwan kamfani da shi? Na ce mutanen Madani ba su san ma an yi wata Inna a duniya ba.

"Ɗiyata," in ji shi, "ba a sadaka daga tsibin da ba a raba ba. Mi za ni aika wa uwarku? Ladan da rabinsa hakkin wani ne?"

Na ce to a tambayi injiniyan, in ya yafe ai shi ke nan.

"Yaro mai kunya irin wanga? In na tambaya zai ce ya yafe ko ransa bai so ba. Abin da anka karɓa da kunya ƙwace ne." Ya dube mu mu biyu. "Wanda duk ya kai mai maganar ga, ban yafe ba."

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan kalmar ɗinke baki take yi. Yaya dai bai ji ciwo ba, tunda mita ta ƙara sauƙi, na kuwa daɗe ina gaishe shi a tsaye saboda haka.

Baba ya sayo randuna ya jera kusa da injin, ya rufe injin da buhu ya ɗaure. Shi yake cika su da safe, bai yarda a taya shi ba. Amma gefen nan rana ce tun hantsi, kafin azahar ruwan ya yi ɗumi. Mai ƙishi ba ya kara. Mutane suka koma sha a bakin masallaci, inda akwai mai sanyi. Suna gaishe shi dai, su ɗaga hannu su wuce. Nakan tarar da shi a kujerar nan da carbi, yana bin bayansu da ido. Idan na tsaya kusa da shi sai ya nuna buhun da haɓa ya ce, "In rabo ya ƙare mu kunna. Saura kaɗan." Tausayinsa da haushinsa suka haɗe mini, na rasa wanda ya fi yawa.

Saura 'yan watanni wa'adin ya cika, cikin bazara, ya kwanta. Bai daɗe ba.

An kafa rumfar zaman makoki a gaban ginin. Kashegari injiniyan ya zo ta'aziyya. Ina bakin ƙofar gida ina miƙa tiren shayi, sai na ji yana tambayar Yaya a hankali ko za a bar shi ya gyara injin ruwan, sadaka ga Haj. Ya ce tun da ya gan shi a rufe ya ɗauka lalacewa ya yi kuma babu halin gyara, kunya ta hana shi tambayar dattijo. Yaya ya gaya masa gaskiyar magana.

Saurayin nan ya riƙe kansa. "La haula. Ai da shi muka auna tun farko. Yana cikin lissafin da, ba mu taɓa sa rai a kansa ba. Wallahi ko ƙwaya bai taɓa ci daga rabonmu ba. Kalma ɗaya da Haj ya yi mini..."

Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya kwance buhun, ya wanke tankin, ya mayar da wayar. Na so ƙwarai injin ya ƙi tashi, ko zan samu abin da zan ɗora wa laifi. Ya yi gurnani sau ɗaya ya kama aiki kamar jiya aka kashe shi. Ashe Baba yana goge shi yana sa masa mai.

Kafin la'asar ruwa ya yi sanyi. Wata tsohuwa daga ƙauyenmu ta zo gaisuwa, ta tsaya ta cika kofi ta shanye, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙan mai ruwa." Ta waiga wajen kujerar, yadda ta saba. Babu kowa a kai. Ni na ce amin.