Duwatsun Malam

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina wani wasa da ban taɓa jin wata mace a cikin birnin nan ta san shi ba. Sunansa Go. Ban san ma'anar sunan ba, haka mijina ya faɗa mini, haka na riƙe. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama, wadda take koyarwa a firamare, ita take rubutawa ina faɗa.

Mijina, Allah ya jiƙansa, a wata masaƙa yake aiki a Bompai lokacin da aka kawo ni gidan nan na Yakasai. Malam nake ce masa. A can ya haɗu da wani ɗan Japan da aka kawo ya haɗa musu injuna. Mutumin ba ya jin Hausa, Malam ba ya jin yarensa, amma idan aka tashi cin abinci sai ya fito da allo ya yafito shi. Da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ya bar wa Malam allon da ƙananan akusa biyu masu murfi, ɗaya cike da fararen duwatsu, ɗaya da baƙaƙe, sumul-sumul, kowanne kamar maɓallin riga.

Malam ya fara kai wasan ƙofar gida wajen abokansa 'yan dara. Kwana biyu suka yi suka watse. Suka ce wannan ai sai an yi sallah biyu ba a tashi ba, kuma babu wurin yi wa mutum ihu. Sai ya dawo da shi cikin gida. Wata rana ina tsince shinkafa ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, "Ke, wanke hannunki ki zo ki riƙe mini baƙi."

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Allo ne mai layuka a tsaye da a kwance, ana sa dutse a inda layi ya haɗu da layi, ni ɗaya, shi ɗaya. Kowa yana ƙoƙarin ya kewaye fili ya zama nasa. Mu gida muke ce wa filin. Idan aka kewaye dutsenka ta ko'ina har babu inda zai yi numfashi, sai a ɗauke shi. Shi ke nan. Amma na tsufa a kansa ban ga ƙarshensa ba.

Da farko dutse tara yake ba ni in jera kafin ya sa nasa, kuma duk da haka ya cinye ni. Shekaru suna tafiya ana ragewa, har muka tsaya a kan biyu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Gidanmu shiru ne, musamman bayan an rufe masaƙar ya dawo zaman gida. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da lungunmu yake yin tsit saboda rana, sai mu saki labulen ɗakinsa mu zauna a tabarma, allon a tsakiya.

"Hajiya, wannan shiga gidan mutane ba sallama fa?" in ji shi, idan na jefa dutse cikin filinsa.

"Na ga ƙofar a buɗe, Malam."

"To zauna, yanzu zan kawo miki ruwa."

Ruwan da zai kawo shi ne ya toshe mini hanyar fita. Idan kuwa ni na kama nasa, sai ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce tuwon da na ba shi ne ya yi masa nauyi, da gangan nake cika masa kwano.

Ba ɓoyewa muka yi ba tun asali. Babu dai wanda ya tambaya, mu kuma ba mu ga dalilin da za a ji tsoho da tsohuwa suna wasa da duwatsu ba.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Mako biyu ya kwanta, ranar wata Alhamis da hantsi ya cika. Har yanzu ba zan iya ba da labarin ranar ba.

Ranar addu'ar uku gidan ya cika da mata. Yayarsa, wadda take zaune a Gwale, ita ce babba a danginsu, ita take tsara komai. Yaya nake ce mata, ita kuma har na yi furfura amarya take ce mini. Ta ce a yi masa hailala kamar yadda aka saba yi wa mamaci, kowace mace ta ja carbinta, idan ta kai ƙarshen zagaye ta ajiye tsakuwa ɗaya don a san adadin da aka yi. Aka nemi ƙwallayen dabino ba su isa ba. Yaya ta shiga ɗakin Malam neman abin ƙirga.

Ina zaune a kusurwa, kaina a lulluɓe, na ga ta fito da akusan nan biyu. Ta buɗe a tsakar gida, ta tsaya tana kallo, sai ta fashe da kuka.

"Allahu Akbar! Ku zo ku ga bawan Allah. Ashe duwatsun wuridi gare shi har kala biyu, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ku duba yadda suka sha hannu. Amarya, ashe abin da yake shiga ɗaki yana yi ke nan da rana?"

Duk suka juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta ce farin na salati ne, baƙin na istigfari, ta taɓa ganin irinsu wajen wani malami. Wata ta ce dama fuskarsa ta nuna. Mutum kwana uku a ƙasa, ana yabonsa da ibada a gaban jama'a, ni ce zan buɗe baki in ce a'a, wasa muke yi? Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka na amsa.

Aka yi hailalar da su. Da aka shafa, wata ta ce a ba ta guda biyu don albarka. Daga nan kowa ta miƙo hannu. Yaya tana rabawa tana kuka, uku nan, biyar can, ana ƙullewa a bakin mayafi. Abin da ya rage ta juye a akushi ɗaya ta ce ita za ta riƙe na ɗan'uwanta. Ɗayan akushin ta bar mini, babu komai a ciki. Allon yana ƙarƙashin gado, ba ta gan shi ba.

Wata huɗu da kwana goma na takaba, 'yan gaisuwa suka yi ta raguwa har suka ɗauke ƙafa. Da safe akwai shara da ɗan girki. Amma da an idar da azahar sai gidan ya yi mini faɗi. Hannuna ya riƙa motsi shi kaɗai a kan cinyata, yatsu biyu a haɗe kamar na riƙe dutse. Na ji kunyar kaina. Mace tana takaba, zuciyarta tana kan wasa. Na yi ta istigfari, amma abin bai tafi ba. Na gwada da wake da 'ya'yan tsamiya. Waken yana gangarewa, kuma babu wannan ƙarar da dutse yake yi idan ya sauka a katako. Na tattara na zuba wa kaji waken.

Mako guda bayan na fita takaba na hau a daidaita sahu zuwa Gwale. Na tarar da Yaya a kan dardumarta, akushin a gefenta a buɗe, ta jera wasu duwatsun a gabanta tana jan carbi. Na jira ta shafa. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini kunu, na kasa sha.

"Yaya, wata magana ce ta kawo ni. Duwatsun nan ba na wuridi ba ne."

"Na mene ne?"

"Na wasa ne. Kamar dara. Ni da shi muke yi."

Ta ce, "Amarya, takaba ta taɓa miki kai ne?"

Na ba ta labarin ɗan Japan da allon da komai. Ina faɗa ina kuka, ita kuma fuskarta tana ƙara ɗaurewa.

"Wato ni da girmana na tsaya gaban matan unguwa na raba musu 'ya'yan dara su kai gida don albarka?"

"Laifina ne, Yaya. Ni na yi shiru."

"Akwai wadda ta sa wa jikanta a ruwa ya sha da yana zazzaɓi! Ta zo har nan ta ce mini ya warke!"

Na ga gefen bakinta ya motsa, na zaci dariya za ta yi, amma ba ta yi ba. Ta ce sallar ɗan'uwanta dai ta sani, ba ya wasa da ita, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Sannan ta kwashe waɗanda ta jera ta mayar cikin akushin, ta rufe, ta turo mini da bayan hannu.

"Ɗauki kayanki. Amma ki yi mini alkawari, ba za ki bi gidajen mutane kina karɓar sauran ba, kuma ba za a ji sunan ɗan'uwana a cikin wannan zance ba, ko ina raye ko ba na raye. Yadda suka ɗauke shi, a bar shi haka."

Na yi mata alkawari. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "To yanzu da wa za ki yi?"

Na fito da akushin a hannu. Duk tsawon watannin nan ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Duwatsun kawai nake tunani.

Da na dawo na juye su a tabarma. Farare sun fi yawa, baƙaƙen ba su kai rabinsu ba. Ba za su cika allo ba, sai dai kusurwa ɗaya. A nan nake yi yanzu ni kaɗai, in sa baƙi, in miƙa hannu in sa fari. Amma wasan da ka san abin da ɗayan zai yi ba wasa ba ne. Malam kullum sai ya sa dutse a inda ban zata ba, in yi ta kallo ina neman abin da yake nufi. Wannan ne ba na iya yi wa kaina.

Malama ta gwada zama da ni sau biyu. Saboda Allah take yi, idonta yana kan agogo, ga yara ga makaranta. Ki rubuta haka, Malama, ba ƙorafi nake ba.

Yaya ta rasu bara. Alkawarin yana nan, shi ya sa babu sunan kowa a takardar nan, har nawa. Malama ta ce birnin nan da girma yake, ba mamaki akwai wanda ya iya wasan, ko cikin masu karatu ko cikin baƙin da suke kasuwanci. Idan akwai, ina so ya san cewa akwai wata tsohuwa a Yakasai da take da allo, kuma ba ta da abin yi bayan azahar. Yadda zai gane gidan ne ban sani ba.