Shekarar da muka jira haraji

Maigidana mutum ne mai tsoron hukuma. Ko fitilar kan titi ta ba shi hannu, sai ya duba hagu da dama kafin ya wuce. A unguwar Sharafiyya ta Jidda yake aiki, a shagon kayan gyaran mota, ni kuwa a unguwar Ruwais aka haife ni, nan na haifi 'ya'yana biyu. Duk da haka baƙi ne mu a takarda. Kowace shekara sai an sabunta mana iƙama, wato izinin zama, kuma kuɗin da ake biya a kan mata da yara ya yi mana nauyi.

Da ɗan abin da ya tara ya sayi hannun jarin wani kamfanin Amurka ta waya. Allah ya sa abin ya yi ta hawa. Kafin lokacin sabuntawa, ribar ta isa ta rufe mana asiri har da ragowa.

Na ce, "Baban yara, sayar mana, halas, ya isa haka. Mu biya mu huta."

Ya ce, "Sabur, ki yi haƙuri. Ɗan yayana da ke Amurka ya ce wanda ya sayar kafin shekara ta cika da saye, haraji zai cinye masa riba. Saura kaɗan."

Ban san komai a kan haraji ba, amma na san ranar da iƙamarmu za ta mutu. Na yi magana har na gaji da jin muryata. Shi kuwa kullum bayan sallar la'asar yana zaune da waya, shayinsa na hucewa. Farashin ya fara sauka, ya ce zai dawo. Ya ƙara sauka, ya daina nuna mini. Iƙama ta mutu, makaranta ta ce yara su dakata a gida.

Da shekarar ta cika, abin da ya rage bai kai kuɗin iƙamar mutum ɗaya ba. Ya kira kamfanin da yake saye ta hannunsu, ya tambayi nawa za a cire masa. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga fuskarsa ta canza. Ashe wannan dokar ta mutanen Amurka ce. Mazaunin Jidda irinsa ba ya biyan harajin ribar sayarwa, ko yau ya saya ya sayar gobe.

Na so in yi masa ihu, wallahi na so. Amma sai na je na ɗora girki.

Shi ya zauna saboda aikinsa, mu aka buga mana takardar barin ƙasar ba dawowa. Yanzu muna Kano, gidan danginsa da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ƙaramar 'yata tana jin Hausa amma ba ta iya mayarwa sosai, yaran gidan suna yi mata dariya. Ta ƙi yarda a kwance jakarta. Duk wanda ya taɓa, sai ta ce masa da Larabci ya bari, mun kusa komawa gida.