Ranar da Gurup Ya Mutu a Madawa

Ni fa ba ruwana, jawo ni anka yi. Har yau in na ji warin lisans, wato fetur, da ƙarar gurup, injin wutar nan mai tari kamar tsohon jaki, sai in tuna ranar da kakata ta kama kunnena ina tsakiyar cinye abokaina a dara, ta ce in ɗaura amalanke, za mu Madawa kallon fim. Tsohuwar da ko rediyo ta ji sai ta yi a'uziyya!

"Matata, ko tsufa ya taɓa ki?" na ce.

"Rufe min baki, mijin banza. Ba ka ci alli a lakwal wajen karatun boko ba? Yau za mu ga amfaninka."

Bari in gaya muku abin da ke ƙasa. Yayata na da manema biyu. Ɗaya ɗan bida ne, mai tahiya neman kuɗi, ya komo daga Abijan da moto, wato babur, da wando mai faɗin ƙafa, in ya wuce sai turarensa ya kwana a zaure. Ɗayan mai lambun albasa ne a fadama, in ya zo zance sai ya tsuguna yana tonon ƙasa da tsinke, gaisuwa kawai ya iya, ita ma sai ya maimaita ta sau nawa. An gama yankan gero, ɗan bida zai koma, danginsa na jiran amsa. Babanmu ya ce ba zai zaɓa mata ba, ta faɗi da bakinta. To ina bakin? Ɗiyar kirki a garinmu na wajen Azarori ba ta cewa wane nake so. Inna ta tambaya, gwaggo ta tambaya, sai ta ja gyale ta rufe fuska. Da Baba ya gaji, ya ce tunda shiru ta yi, mai moton zai ba, don shi ya riga zuwa. Ni kam na yi murna, har na fara hango kaina a bayan moto.

Ranar kasuwa ce munka tahi, ni da kaka da yayata. Wani zaure ne anka toshe tagoginsa da tabarma don rana, ciki zafi, warin zufa da ƙuli-ƙuli. Samari sunka ga tsohuwa da sanda, sunka dare mata benci. Fim ɗin Indiya ne, da rubutun Faransanci a ƙasa, aikina in karanta in juya musu. Kafin in haɗa baƙi biyu rubutun ya gudu, sai in cike sauran da kaina.

"Mi ta ce?" in ji kaka.

"Ta ce tuwon gidansu ba gishiri."

"Shi ne take kuka cikin ruwan sama?"

"Kaka, ba ki san mutanen Indiya da gishiri ba."

Labarin wata yarinya ce tsakanin ɗan attajiri mai mota da wani talaka mai sayar da madara, wanda duk ya gan ta sai ya yi tuntuɓe ya faɗa taɓo. Zaure ya yi ta dariya. Na lura kaka ba fim ɗin take kallo ba, ta karkace kamar mai ciwon wuya, idonta na kan yayata.

An zo daidai wurin, yarinya ta tsaya da furanni a hannu, samarin biyu na gabanta, sai gurup ya yi tari ya mutu. Lisans ya ƙare. Anka yi ta ihu, mai gida ya ce sai kasuwa mai zuwa.

A hanyar komawa jaki na tahiyarsa ta masu hankali, karan gero na ƙamshi a gonaki, kaka ta yi ajiyar zuciya.

"Zan mutu ban san ƙarshen abin nan ba. Kai, wa ta ɗauka?"

"Mai mota mana, ita mahaukaciya ce?"

"Ke fa, kishiyata? Ƙarasa min."

Yayata ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Can ta ga ai maganar ƴar Indiya ake, ba tata ba, don haka bakin ya buɗe: "Mai madarar za ta ɗauka. Mai mota tahiya zai yi ya bar ta da surukai. Wancan ko magana ba ya iya ba, amma kullum yana nan."

A fim ɗin nan babu inda anka ce mai mota zai yi tahiya. Kaka goro kawai ta ɓalla ta miƙa mata. Washegari ta shiga turakar Baba, da ta hito anka aika fadama a gaya wa mai albasa shi anka ba.

Wannan mai tonon ƙasa da tsinke, shi ya ɗauke ni da lakwal ta kore ni, ya koya min rabon ruwa a fangalin albasa. Shekarar da gero ya ƙi, albasarsa ta riƙe gida biyu. Yanzu ɗiyata ta waya ta turo min hoton wanda take so, ko gyale ba ta ja ba. Ban ce hakan laifi ne ba. Amma ina yi wa tsohuwar nan addu'a, Allah ya kai haske kabarinta, don ita ta iya jin maganar da ba a faɗi.

Gardama ɗaya na taɓa zaton na ci ta. Da na girma na ga ƙarshen fim ɗin a garin Buza, na taho gida da gudu.

"Matata, kin sha ƙasa! Mai mota ta aura, ni na canka daidai!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kaɗin da take.

"Allah sarki. Ita ba ta da kaka."