Kamfanin da Baba ya aike ni

Shekarun baya, da na samu gurbin ƙaro karatu a arewacin Ingila, duk gidanmu a Fagge babu wanda ya kai mahaifina murna, kuma ba karatun ne ya dame shi ba. Baba ɗan Kantin Kwari ne tun yana saurayi, kuma atamfar Ingila kaɗai yake sayarwa. Da kayan Chaina suka cika kasuwa, maƙwabtansa duk suka koma can, shi kuwa ya ce ba zai tsufa yana sayar wa mata zanen da wanki biyu ke kashe masa launi ba. Dilan da ke kawo masa kaya daga Legas ya daina kawowa, kantocin shagon suka fara zama wayam. Yayana, wanda ke zama da shi a shagon, kullum yana roƙonsa ya bari a zuba abin da mutane ke saya, Baba yana cewa a yi haƙuri.

Ana jibi zan tafi ya kira ni zaure, ya miƙo min wani ƙyalle da ya yanko daga gefen turmi, inda aka buga sunan kamfanin da sunan garinsu.

"An ce min garin nan kusa yake da inda za ka," in ji shi. "Ka je ka same su da kanka. Ka ce akwai dattijo a Kano da bai taɓa haɗa kayansu da na jabu ba. Su riƙa aiko mana kai tsaye."

Na ce to, Baba. Har na hango kaina cikin kwat, ina zaune da manyan Turawa ana zuba min shayi.

Gani ya kori ji. Garin da na sauka tsohon garin masaƙu ne, gidajensa na jan bulo a manne da juna layi-layi, hayaƙin da ya daɗe da ɗaukewa ya bar su baƙi ƙirin. Ko'ina ka ɗaga kai dogon bututun hayaƙi ne a tsaye, babu ɗaya da ke aiki. A babban titinsu, in ka wuce shagon caca sai na gwanjo, in ka wuce na gwanjo sai wanda aka rufe da katako. Ɗakin da na kama bangonsa kullum a jiƙe, wani baƙin abu yana tsirowa a kusurwa, ka goge yau jibi ya dawo. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Ni da na tashi ina zagin zafin Kano, sai ga ni ina kwana da safa biyu da hular sanyi ina kewar rana. Amma duk hoton da zan tura gida, sai na je gaban ginin makaranta na ɗauka.

Mutanen kuwa ba su da kwana-kwana. Abin da ke ransu shi ne a bakinsu, kuma da talaucinsu suke barkwanci. Mai sayar da soyayyen kifi da dankali za ta kira ka da sunan da a wurinmu sai miji ake kira da shi, ta kuma gaya maka rigarka ba ta yi maka kyau ba, duk a numfashi ɗaya.

Bango ɗaya ya raba ni da wani tsoho Bature da ke zaune shi kaɗai. Mun saba ne don ina taya shi fitar da shara. Ranar da ya fara kira na shan shayi, na same shi cikin falo sanye da rigar sanyi ta fita waje, bargo a ƙafafunsa. Ya ce kada in damu, ya ba injin ɗumama ɗaki hutu ne, don a wannan watan ko dai ya ji ɗumi ko ya ci abinci. Ya faɗa yana dariya, ni ma na taya shi don ban san abin da zan yi ba. Duk Alhamis yakan je coci ya bi layi a ba shi gwangwanin wake da burodi.

Shi na nuna wa ƙyallen Baba, na tambaye shi motar da zan hau. Ya sa tabarau, ya shafa ƙyallen da babban yatsa.

"A ina ka samo wannan?"

Na ba shi labarin Baba da Kwari.

"Ni na buga irinsa," in ji shi. "Tun ina ɗan shekara sha shida nake gaban injin nan. Muna bugawa muna tambayar juna, wai su waye ke sa launi haka? Ashe ku ne." Ya miƙo min ƙyallen. "Ɗan samari, ka makara. Zo Asabar in kai ka ka gani."

Muka hau bas ana yayyafi. Kamfanin gini ne mai hawa biyar, ya fi duk wani gini da na sani a masana'antun Bompai girma, tagoginsa duk a farfashe, bishiya ta tsiro ta rufin. An sarƙafe ƙofar da kwaɗo. Tsohon ya riƙa nuna min ta cikin shingen waya: nan ake rini, nan ake shanya, nan ya haɗu da matarsa. Ya ce an kwashe injinan an kai wata ƙasa, aka sallame su rana ɗaya. 'Ya'yansa sun tafi kudu neman aiki, sai a waya.

Da yamma Baba ya kira. Na ji hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Ka je?"

"Na je, Baba."

"Alhamdulillahi. Ka ga wurin da idonka?"

"Na gani. Babban wuri ne."

"Me suka ce?"

Wallahi na buɗe baki in faɗa. Amma na ji yadda muryarsa ta koma ta yaro ranar Salla, na kuma ji yana ce wa wani a gefe, "Ya je, ya same su." Sai na ji kaina ina cewa, "Sun ce za su duba, Baba."

Haka na shekara biyu suna dubawa. Wata rana manajan ya yi tafiya, wata rana ana jiran takardu. Ni da ko wasan kwaikwayon firamare ba a taɓa sa ni ba, na zama gwani. Yayana ya kira ni a ɓoye ya ce, "Don Allah in babu ka faɗa. Matan da ke zuwa haɗa lefe duk sun koma layin baya, Baba ya hana a shigo da komai, wai yana ajiye wa kayanka wuri." Na ce masa ya ƙara haƙuri. Na ce wa kaina tausayin tsoho nake ji. Tsoro ne kawai.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da na dawo, kwana biyu da sauka, Baba ya kira ni zaure bayan la'asar, ya ce to ina aka kwana. Na sunkuyar da kai na gaya masa komai, har da bishiyar da ke kan rufin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan farko, Baba."

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ja carbinsa, can ya ce, "Ma'aikatan fa? Ina suka tafi?"

Na ba shi labarin tsohon, da bargonsa, da layin ranar Alhamis.

"Bature?" in ji shi. "Yana bin layin abinci?"

"Shi kuwa."

"Ashe can ma sun bari," ya faɗa a hankali. Ya zaro makullin shagon daga aljihu ya ce in kai wa yayana, ya zuba duk abin da ya ga dama.

Yayana ya zuba, amma masu sayen sun riga sun saba da wasu ƙofofin. Bai yi shekara ba ya saki shagon ya koma tuƙa adaidaita tsakanin Bata da tashar jirgin ƙasa. Baba kuwa bai sake taka Kwari ba. Daga gida sai masallaci. Na ɗauka baƙin cikin kamfanin ne, na riƙa lallashin kaina cewa ko da na faɗa tun farko haka za ta faru.

Ranar uku da rasuwar Baba, 'yan layinsu suka zo ta'aziyya. Bayan an shafa addu'a, wani Alhaji da shagonsa ke jikin namu ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji. Ko watan jiya da na zo duba shi, ya ce min ka yi ƙoƙari ƙwarai a kan maganar Turawan nan, su ne ba su da alƙawari."

A nan na gane abin da ya hana shi kasuwa. Shekara biyu yana gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa ɗansa ya je ya same su. In ya koma dole a tambaye shi, kuma ba ya iya yin ƙarya kullum a gaban mutane, ba ya kuma iya cewa ɗansa ya yi masa ita. Sai ya zauna a gida.

Yanzu in matasa suka tambaye ni yadda Ingila take, nakan ce akwai sanyi kawai. Garin nan ya koya min cewa masaƙa takan mutu a ko'ina, ta bar mutanenta a tsaye suna kallon ƙofa, kuma wannan ba laifina ba ne. Amma da na faɗi gaskiya a wayar farko, da shagon kaɗai Baba zai iya rasawa. Ni na raba shi da kasuwar gaba ɗaya, da abokansa na shekara da shekaru, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce min don me ba.