Ƙaro a Murfin Tanki

Shekarar da na sayar da tumakina biyu na sayi injin markaɗe, ba wanda bai yi mini dariya ba a unguwarmu ta Kademi. Wai matar da sai da ta aurar da 'ya ta koyi rubuta sunanta, ita ce za ta riƙe inji. Na riƙe kuwa. Bakaniken da ya haɗa mini shi a Gaya na tsare shi na ce ya faɗa mini abin da ke hana inji tashi. Ya ce abu uku ne, wuta da mai da iska. Na rubuta a bayan littafina na makarantar manya, da rubutuna mai kama da tsakurar kaza.

Ranar da nake son ba da labari, suna ake yi a gidan maƙwabciyata. Ta jiƙa shinkafar waina bahon roba uku. Danginta sun so a kai wa mai injin bakin kasuwa, ta ce a'a, ni za ta ba. Wannan ne babban aikina na farko, kuma idon unguwa yana kai.

Da sassafe na ja igiya, inji ya tashi lafiya. Ban gama rabin baho ba ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja. Na rufe cok, maƙullin iskar nan, na ja, na buɗe na ja. Sai da kafaɗata ta yi tsami, ko uffan.

Kafin hantsi maza sun cika zaure, kowa ya zama bakanike. Yayan maigidana ya ce fulogi ne. Na kwance, na kankare baƙin da reza, na ɗora shi jikin ƙarfe na ja igiya. Ga wuta nan shuɗiya tana tsalle.

"To kafireto ne," in ji shi.

"Yaya, ɗazu fa fulogi ka rantse."

"Ai duk ɗaya ne."

Na cire soson iska na wanke na matse na mayar. Shiru. Na kai hannu zan buɗe tanki, maigidana ya riƙe murfin.

"Da hannuna na cika shi. Kada ki buɗe ya sha iska, kin san tsadar mai."

"Malam, ka bar ni in gani."

"Me za ki gani? Mai ne, ba a canza masa kama ba."

Ana haka gwaggon mai jego ta shigo, ta tsoma hannu a baho ta shinshina.

"'Yar nan, in ba ki iya ba ki faɗa. Ƙullu sai ya tashi kafin a soya, baƙi kuma tun daga Gafasa suna hanya. Ko takardar taki za su ci?"

Ta sa aka ɗauki baho ɗaya, aka bi ta gabana da shi zuwa bakin kasuwa. Wata daga cikin matan gidan sunan har tana cewa baki ne ya kama injin, a nemo rubutu a yayyafa masa.

Na koma littafina. Wuta akwai, iska akwai, saura mai. Na zare tiyon da ke kai mai kafireto. Ya ɗiga sau uku ya tsaya, alhali tanki a cike. Sai na tuna gwangwanin madara. In ka huda shi waje ɗaya ba ya zuba sai ka yi masa huda ta biyu. Na ture hannun Malam na murɗe murfin. Ya yi tsaki kamar an buɗe lemon kwalba, mai ya tsiyayo ta tiyo har kan zanina.

Na juya murfin. 'Yar ƙofar nan da ke samansa, mai kamar ta allura, an liƙe ta da ƙaro tsaf.

"Wa ya yi wannan?"

Malam ya gyara hula.

"Ta nan man yake gudu. Ina jin warinsa kullum. Gyara na yi miki."

"Gyara! Malam, toshe hancinka ka sha fura mu gani."

Yayansa ya yi dariya har da buga cinya, kamar ba shi ne ya ɓata mini safiya da fulogi ba. Na zare allurar ɗankwalina na tsokale ƙaron, na mayar da tiyo. Ja ɗaya inji ya ɗauka.

Sai dai kafin nan baho na biyu ma ya tafi. Bahon da na fara shi kaɗai na ƙarasa. Wainar ba ta samu tashi ba, ta fito da nauyi kamar dutsen guga, kuma duk wadda ta gutsura a gidan sunan sai ta waiwayo ta dube ni. Ba wadda ta dubi Malam, yana waje yana cin tasa da miyar taushe.

Da aka tashi bikin ƙanwar maƙwabciyata, bakin kasuwa ta kai markaɗenta, ta ƙofar gidana aka wuce da shi. Ranar na ɗauko littafin, a ƙarƙashin wuta da mai da iska na ƙara na huɗu: a tambayi Malam abin da ya taɓa.