Habu da Gonar Aron Kawuna

Shekara goma sha tara ke nan a wannan makon da muka kai Habu makwancinsa. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa a wannan shafi, kowace shekara kuma nakan samo dalilin fasawa. Bana dalilan sun ƙare mini, furfura kuma ta fara yi mini tuni cewa ni ma ba zama na zo yi ba.

Sunansa Abubakar, amma ban san wanda ya taɓa kiransa da haka ba. Iyayensa daga gabas suka zo, wajen Barno, suka zauna a Kano suna fatauci tun kafin a haife shi. Ɗan birni ne na sosai. Mukan tsokane shi cewa ba ya bambanta gero da dawa sai sun zama tuwo, shi kuma ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Duk da haka ban taɓa ganin mutumin da talaucin manomi yake ci wa rai kamarsa ba.

Mun yi aiki tare a wata ƙaramar cibiya ta nazarin manufofin gwamnati, ta masu ra'ayin talakawa. Ɗaki uku ne a saman wani shago, da tafireta biyu, da injin gurza takardu mai ɓata wa kowa riga. Shugabanmu Dakta Garba mutumin kirki ne, sai dai idan ya fara Turanci sai shayi ya huce bai kai aya ba. Habu shi ne mai rubutu. Ni kuwa mai fassara ne, ni kaɗai ne ɗan ƙauye a cikinsu, ni ne kuma mafi ƙarancin takardun makaranta. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ake layin sabulu, masaƙu suna sallamar ma'aikata, taki ya gagari talaka, damina ma ta shiga yin gardama.

Wanda bai san ƙasarmu ta wajen Makoda ba sai in gaya masa cewa babu daji a can. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, rabon gado ya yayyanka su har akan ce idan jaki ya kwanta a wata gonar, wutsiyarsa tana ta maƙwabci. Abin da ya rufa wa marasa ƙarfi asiri shi ne aro. Mai gonaki da yawa yakan ba wanda tasa ba ta isa ba, babu takarda, babu shaida. Da kaka mai noman ya kai dami ɗaya ko biyu na godiya, a yi addu'a, a tashi. Haka ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu, ya shekara sama da ashirin yana noman wata gonar Alhaji Mamman. Da ita yake ciyar da gidansa, domin tasa ta gado ba ta kai su ko tsakiyar rani.

Wannan al'ada ce Habu ya duba, ya ga zalunci a ƙarƙashinta. Ba ƙarya ya gani ba, tunda mai gona yana iya karɓe abarsa ranar da ya ga dama. Sai ya rubuta takarda yana ba gwamnati shawara cewa duk wanda ya noma gonar aro shekara bakwai a jere, a mallaka masa ita. A ofis kowa ya yaba. Aka ce in mayar da ita Hausa, aka kuma ce a fara karanta ta a ƙauyenmu, domin manoma su ji da kunnensu cewa akwai masu yi musu faɗa.

Mako guda kafin taron na je gida, na karanta wa Kawu fassarar a ƙofar gidansa, ina jiran yabo. Ya saurara har ƙarshe yana gyaran ƙotar fartanya, sannan ya ce, "Ɗana, maganar da daɗi. Amma kada ku karanta ta a gaban masu gona. Wanda ya ara maka riga, in ka ce masa gobe za ta zama taka, yau zai tuɓe ka."

Na ji shi, na kuma san gaskiya ya faɗa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ban kai maganar ofis ba. Na taɓa kawo irin wannan tsokaci a wani zama, Dakta ya yi murmushi ya ce tsoron masu hannu da shuni bai gama fita daga jikina ba, aka yi dariya. Ban so a sake ba. Ban da haka, a karon farko an sa sunana a bangon takarda, ƙarƙashin na Habu. Ranar taron mun zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin ƙaramar bas tun daga Kano har muka wuce Bici, yana ta tambayata yadda ake gaida dattawa a garinmu. Na koya masa gaisuwa, na haɗiye sauran.

An yi taron a harabar firamare ranar kasuwa. Habu ya karanta, matasa suka yi ta tafi. Masu gona suna kan kujerun gaba, da aka tashi suka yi mana godiya, har da kyautar zabi.

A lokacin Kawu ya riga ya kwashe rani yana jidar takin gida a kan jaki, ya jera shi tsibi-tsibi a gonar, ana jiran ruwan shuka. Kwana tara bayan taron Alhaji Mamman ya aiko cewa bana shi zai noma abarsa. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk mai gonar aro a ƙauyen ya karɓe tasa a wannan watan. Takardar tamu kuwa ba ta zama doka ba, ban ma da tabbacin wani a gwamnati ya buɗe ta. Garin neman gira aka rasa ido.

Da labari ya iso, Habu ya ɗauki hularsa ya tafi ƙauyen shi kaɗai. Ya durƙusa gaban Alhaji Mamman, ya ce takardar shawara ce kawai, babu mai ƙwace masa komai. Alhajin ya ce, "Malam, ni da Ilu babu takarda tsakaninmu sai kunya. Kun kawo takarda. Ni kuma ina da 'ya'ya." Bai mayar ba. A daminar nan Kawu ya yi ƙwadago a gonar da ya zuba wa taki da hannunsa, da kaka kuma ya bi masu ci-rani zuwa birni, abin da bai taɓa yi ba.

A ofis Dakta ya ce abin da ya faru ya tabbatar da hujjarmu game da halin masu gona. Ranar na fara ganin fushin Habu. Ya ce hujjar da aka tabbatar da abincin wani ba abin alfahari ba ce. Ya tsaya kai da fata sai da aka janye takardar, aka kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a sake fitar da wata shawara ba sai an fara karanta ta a keɓe ga waɗanda za ta shafa, an tambaye su wa zai fara shan wuya idan maganar ta fita. Daga nan duk shekara, kafin ruwan shuka, yakan je ya zauna da Kawu ya ba shi haƙuri. Yakan ce mini, "Rashin sanina ne ya jawo. Da ina da wanda zai gaya mini!" Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce ƙaddara ce.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gonakin bakin titi sun zama fuloti. Aro ya kusa zama labari, sai haya da jingina, kuma ba zan ce mu muka kashe shi ba, amma a ƙauyenmu mu muka fara sa masa wuƙa. Cibiyar tana nan, ta koma gini mai kyau, matasan cikinta sun fi mu ilimi, kuma abin da suka rubuta da hantsi kafin azahar ya shiga wayar kowa. Wannan saurin zai ba shi tsoro. Amma na ji an ce har yanzu suna bin ƙa'idar nan, suna kiranta tambayar Malam Habu, ko da yake yawancinsu ba su san gonar da ta haife ta ba. Ina jin wannan zai fi faranta masa rai fiye da duk littattafan da ya bari.

Da Habu ya rasu, ranar sadakar uku Kawu Ilu ya zo gaisuwa, ya tsufa tukuf, an goyo shi a babur har tasha. Bayan addu'a na raka shi waje. Ya ce, "Wannan bawan Allah ya zo ƙofata ya fi a ƙirga, alhali bai sani ba ya yi. Kai da na gaya wa, ko sau ɗaya." Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina ya ce, "Ni na yafe tuntuni, ɗana. Wanda ya kamata ya ji daga bakinka, shi ne kuka rufe shekaranjiya."

Abin da ya rage na Habu ba takardunsa ba ne. Mutum ne da ya yi kuskure don son talaka, bai ɓuya a bayan kyakkyawar niyyarsa ba, ya koma ya dubi idon wanda abin ya shafa, shekara bayan shekara. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Kawu. Kayan da Habu ya ɗauka shi kaɗai har kabari, mafi nauyinsu nawa ne, kuma ina tafe a gefensa ban taɓa kama masa ba.