Jaridun ƙanena a bangon ɗakina

Haƙorana sun zube saura kaɗan, sunayen jikokina ma sai na yi ta laluba, amma abin da na yi wa akwatin ƙanena ba zai taɓa fita kaina ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, kowa na mafarkin rediyo da sabon keke. Ni daga aji biyu na tsere, don na lura malam ya fi sha'awar gadon bayana a kan abin da ke cikin kaina. Ƙanena ya daure, ya yi sakandare a Birnin Kudu, ya wuce jami'a, har aka ba shi riƙon jaridar da ɗalibai ke bugawa.

Wata shekara aka rufe musu makaranta ba shiri, sai ga shi a Gwaram da akwatin ƙarfe. Ya ce, "Yaya, jaridunmu ne, tun ta farko da aka buga wajen samun mulkin kai. Kowane mai riƙo yana miƙa wa na bayansa, kuma babu inda suke a cike sai nan. Ajiye mini har abubuwa su lafa." Na ce, "Takarda ce fa, ba akuya ba. Ina za ta je?"

Aka buɗe makaranta ya koma, ni kuma aurena ya matso. A lokacin saurayi mai ji da kansa yakan liƙe bangon ɗaki da jaridu, amarya ta shigo ta san ba hannun bagidaje ta faɗa ba. Na buɗe akwatin da niyyar su sha iska kawai. Iskar nan ta ƙare a ƙwaryar jiƙaƙƙen ƙaro. Kwana biyu ina shafawa ina mannawa, masu hoto a tsakiya, marasa hoto can wajen ƙofa.

Ban taɓa zama a ɗaki irin wannan ba. In ruwan rana ya koro mu daga gona, sai in miƙe a tabarma ina jin yayyafi, ina kallon dogayen benaye da 'yan mata rungume da littattafai. Akwai wani mai riga har ƙasa da hula kamar faifai. A hankali fuskarsa takan koma tawa, in ji ina takawa ƙarƙashin bishiyoyin nan, Turawa na kauce mini. In amarya ta ce, "Maigida, me aka rubuta a nan?" Sai in gyara murya in ce, "Sun ce za a kawo jirgin ƙasa Gwaram." Gobe wurin nan dai ya zama labarin farashin gyaɗa. Ba ta taɓa musa mini ba, Allah Ya saka mata.

Da kaka ƙanena ya zo ɗaukar kayansa, don ɗakin karatun jami'a ya yarda zai adana su. Ya yi sallama, ya sa kai, ya tsaya cak. Ya daɗe yana juyi a tsakar ɗaki kamar mai neman alƙibla.

Can ya ce, "Yaya, ka san kowace gaba da baya aka buga ta?"

Na ce, "To ai bangon ma yana son karatu."

Bai yi dariya ba. Ya nuna wadda na fi ƙauna, ya ce a kife na liƙa ta, shafin gabanta na jikin bango. Ya zauna bakin gado, ya ce a cikin waɗanda suka yi rubutun nan akwai waɗanda suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba, abin da suka bari ke nan.

Kwana huɗu muna jiƙa tsumma da ruwan ɗumi muna dannawa, matata na ɗagowa a hankali da bayan cokali. Wasu suka fito lafiya, wasu suka taho da jar ƙasa a bayansu, wasu kuwa suka narke a hannunmu kamar fura. Ta farkon tana cikin waɗanda suka narke. Ya jera abin da ya tsira, ya rufe akwati. Da na raka shi bakin mota ya ce, "Laifina ne, Yaya, ban gaya maka mece ce ba sosai." Da ma mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Na dawo na tarar da bango tsirara. Tun ranar, in aka ba ni ajiya, ko ƙullin tsumma ne, sai na tambayi abin da yake a wurin mai shi, don amana da idon mai ita ake auna ta, ba da idon mai gadi ba.